DARASI: MOTSA ƘWAƘWALWA DA KWAMFUTA BAYAN CIWON DAMUWA

Ciwon damuwa mai tsanani ciwo ne kamar sauran cututtuka. Mai shi yakan yi makonni cikin baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ya fita ransa, aiki ya gagare shi. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Akan warke da magani da shawarar likita. Amma sau da yawa, bayan baƙin cikin ya yaye, akwai abin da yakan saura: yawan mantuwa, da kāsa tara hankali wuri ɗaya, da juya tunani guda dare da rana. Irin wannan saura yana iya buɗe wa ciwon ƙofa ya komo.

Yadda ake yi

Wanda ya daɗe a kwance ba ya tashi ya ɗauki garma ran nan. Sai ya yi ta tattaki har ƙafa ta yi ƙarfi. Saboda haka masana suka shirya wasannin motsa ƙwaƙwalwa a kwamfuta. Ga misalin ɗaya. Kwamfuta tana faɗin lambobi ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana haɗa biyun ƙarshe da ka ji. In ta ce 3, ta ce 5, amsa 8 ce. In ta ƙara cewa 2, amsa 7 ce, wato 5 da 2. Dole ka saki amsar da ka bayar, ka riƙe lambar da ka ji. In kana ci, sai ta ƙara sauri. In kana kuskure, sai ta rage. Ta haka mutum yake koyon sakin abin da ya wuce ya kama na gabansa, abin da mai juya tunani ya fi bukata ke nan.

Abin da aka gano

A shekarar 2017 masana na Jami'ar Ghent a ƙasar Beljiyam sun ba da labarin gwajin da suka yi da mutanen da suka farfaɗo daga ciwon. An ba su irin wannan wasa sau 10 cikin mako 2. Waɗanda suka yi shi sun sami raguwar juya tunani da sauran alamun ciwon fiye da waɗanda aka ba wasa mai sauƙi.

Amma fa mu lura. A shekarar 2010 an buga sakamakon wani gwaji a Ingila da mutum fiye da 11,000, na tsawon mako 6. Sun gwanance a wasannin da suka yi, amma gwanintar ba ta bi su zuwa wasu ayyuka ba. A 2016 kuma hukuma a Amurka ta sa masu wasan Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda alkawaran da suka yi a talla ba tare da isasshiyar shaida ba.

Abin da za mu riƙe

1. Wasan nan taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Kada kowa ya bar shan magani sai da izinin likita.
2. Kada a kashe kuɗin abinci a kan wasan waya don an yi masa talla.
3. Barci isasshe, da motsa jiki, da zama cikin mutane suna taimaka wa mai farfaɗowa. A mayar masa da aikinsa kaɗan kaɗan, kada a ce masa rago.
4. Wanda ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti ran nan.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me mutanen ƙauyenmu sukan ce da wanda ya warke amma yana yawan mantuwa?
2. Wane aiki mai sauƙi za mu fara ba shi?
3. Ina ne asibiti mafi kusa da mu da ake duba irin wannan ciwo?