Kunkurun Ruwana Ya Daina Cin Abinci

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya rubuto yana cewa kunkurun ruwan da yake kiwo a gida ya daina cin abinci, idanunsa sun kumbura. Yana tambaya, me zai yi?

To, malam, fara taɓa ruwan. Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, shi ya sa da hunturu ya shigo sai ka ga ya lafe. Ruwan ya kasance tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyas, a riƙa canja shi. A sa masa dutse ko katako da zai hau ya bushe ya sha hantsi. Ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta wadatar, kuma rashin ranar kan sa ƙoƙon bayansa ya yi laushi.

Kumburin ido kuwa sau da yawa ƙarancin bitamin A ne, ko dattin ruwa. A ba shi ƙananan kifi, tana, karas da ganye. Burodi da tuwo ba abincinsa ba ne.

Amma in majina na kumfa a hancinsa, yana buɗe baki yana numfashi, ko yana karkata gefe ɗaya in yana iyo, ciwon huhu ne ake zargi. Sai likitan dabbobi, kada a jinkirta. Kuma don Allah kada a yi masa allurar Ivermectin da ake yi wa awaki, tana kashe kunkuru.

A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi saboda ƙwayar cutar Salmonella, kuma kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su yi wasa da shi. Allah ya ba shi lafiya.