Abin da kwalbar ruwa take faɗa mini

Da an sallame sallar asuba nake ɗaure kula mai ƙanƙara a bayan babur, in fita ta Ƙofar Doka. Sana'ata ɗiban ruwa ce, amma ba irin ta 'yan ga-ruwa ba. Kwalba-kwalba nake ɗebowa daga koguna da tafkuna da rijiyoyin ƙasar Zazzau, in kai ɗakin gwaji a duba abin da ke ciki. Yau Galma, gobe Kubanni, jibi Saye. Wata rana kuwa ko ganuwa ba na fita, don rijiyoyi da kududdufan cikin birni sun ishe ni aikin yini guda.

In na isa ƙauye, ƙofar mai unguwa nake fara tsayawa. Na taɓa yin gaggawa na zarce bakin rafi kai tsaye, kafin in rufe kwalba samari sun kewaye ni, wai wani abu na zo zubawa a ruwansu. Ban ga laifinsu ba. Tun ranar nake fara cewa, "Ranka ya daɗe, ruwanku na zo dubawa," a haɗa ni da yaro ya raka ni.

Ɗiban kansa yana da ƙa'ida. Nakan shiga ruwan in fuskanci inda yake gangarowa, don kada laka da ƙafata ta tayar ta shiga kwalbar. In kifa bakinta, in nutsar da ita kamar santimita 20 zuwa 30, sannan in juyo ta ta cika, in bar ɗan sarari a wuya. Yatsa ba ya taɓa cikin murfi. In rubuta wuri da rana da lokaci, in saka a ƙanƙara. Daga nan tsere ne da agogo, domin an fi so ruwan gwajin ƙwayoyin cuta ya isa cikin awa 6. In taya ta yi faci a hanya, ƙanƙara ta narke, aikin ranar ya tashi a banza.

Wata tsohuwa ta taɓa tsare ni a mashaya, ta kamfato ruwa a ƙwarya ta miƙo mini. "Ɗan nan, dubi, garai-garai. Shi iyayenmu suka sha har suka tsufa." Na ce, "Gaskiya ne, Iya. Amma a zamaninsu gida nawa ne a saman rafin nan?" Ta yi dariya ta ce a lokacin ko kasuwa babu.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan ruwa dai ido bai san kima ba. A ɗakin gwaji mukan tace mililita 100 ta wata 'yar farar takarda, mu kwantar da ita a na'ura mai ɗumin digiri 44 ta kwana. Washegari, idan akwai ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, sai ka ga ɗigo-ɗigo sun tsiro a kanta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a samu ko ɗaya a ruwan sha. Na sha ganin ruwa fari tas ya cika takarda da ɗigo.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan shi ne kwalba ta biyu. Duk gidan da aka yarda na shiga, nakan ɗebi ɗaya daga rijiya ko burtsatse, ɗaya daga randa. Sau da yawa ta randar ce ta fi muni. Guga ya kwana a ƙasa inda kaji ke kiwo. Jarkar mai ruwa ta yi gansakuka a ciki. Yaro ya fito daga bayi, ya tsoma moɗa har da hannunsa. Ko ruwan matatar Zariya mai lita miliyan 150 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2017, in ya iso gida a randar nan yake ƙarewa.

Cikin birni kuma da tasa matsalar. Gidajen gado an raba su, an sake rabawa, har rijiya da salga sun zama maƙwabta a tsakar gida ɗaya, alhali ana son tazarar mita 30 a tsakaninsu. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, abin da ke ramin nan ya tsiyaya zuwa wancan. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, yau kwata da bola ke ƙarewa a cikinsu, yara kuma suna iyo. A irin ruwan da ke kwance ne ƙananan dodon koɗi ke yaɗa tsargiya. Fitsarin jini a wurin yaro ciwo ne, ba alamar balaga ba, kuma akwai maganinsa a asibiti.

A fadamun Galma da Kubanni kuwa, na sha tarar da mai noman rani yana wanke tankin feshi a rafi, mata na ɗiba a ƙasa da shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta raba ruwa da maganin feshi. Wannan sai dai a hana shi shiga tun farko.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2021 amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wuya. Amma mun taɓa cin irin wannan yaƙi. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, sai aka bi ƙauye-ƙauye ana koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, yana cikin waɗanda suka yi wannan yawo. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu.

Don haka roƙona kaɗan ne. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga. A riƙa wanke randa, a ware mata moɗa mai dogon mariƙi. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne kawai, sai a bi da tafasawa ko sinadarin kulorin, musamman ruwan jarirai. In kuma kun ga mutum da kula a bakin rafinku, ku tambaye shi daga ina yake, ku ce ya dawo muku da sakamako. Haƙƙinku ne. Ni ma na koma wurin Iya da nawa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a juye randa a kawo soso.