Jijiyar Fuska Mai Rassa Uku da Ciwon Gaɓar Muƙamuƙi a Yankin Anka, Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na kiran hanyar jini da agara da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa duka da suna ɗaya, wato jijiya. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan ta ƙarshen, musamman ta biyar daga cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira tirajeminal.

2.0 Yadda Ciwon ke Ɓad da Kama

Jijiyar ta rabu gida uku. Reshe na farko ya nufi ido da goshi, na biyu kunci da haƙoran sama, na uku kuma muƙamuƙin ƙasa. Wannan na ukun shi ke motsa tsokar tauna, shi ke ɗauko zafin haƙoran ƙasa, kuma wani ƙaramin reshensa ne ke kula da gaɓar da ke gaban kunne, da wani sashe na ramin kunnen kansa. Da yake saƙonnin duka tasha ɗaya suke sauka, ƙwaƙwalwa kan kasa tantance inda suka fito. Tun a 1934 James Costen, wani likitan kunne a Amurka, ya danganta wasu ciwukan kunne da wannan gaɓa.

Nan ne asarar take. Mai fama da gaɓa a ƙauyukan Bukkuyum ko Gummi yakan nuna haƙorin tauna, a cire masa shi lafiyayye, ciwo kuwa yana nan daram. Wani ma sai an raba shi da biyu. Alhali alamomin ba su ɓuya ba: zafin kan ƙaru wajen tauna goro, rake ko kilishi, gaɓar kan yi ƙara idan an buɗe baki, wani lokaci yatsu uku a jere ba sa shiga tsakanin haƙoran gaba. Ruɓaɓɓen haƙori shi kuwa ruwan sanyi ko zaƙi ke tayar da shi.

3.0 Magani

Likitan haƙori kan fara da abu mai sauƙi: abinci mai laushi kamar kunu da fate, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da maganin kumburi irin su ibufurofen na ɗan lokaci, ga wanda ba shi da gyambon ciki. Mai cizon haƙora cikin barci ana yi masa marfin roba da zai kwana da shi. Tiyata ba kasafai ake kai wa gare ta ba.

Idan zafin fizga yake kamar lantarki, na 'yan daƙiƙoƙi, daga alwala ko aski kawai, to jijiyar ce kanta, kuma maganinta daban ne, wato kabamazafin, bisa umarnin likita. Irin wannan sai a nufi Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Yaron da bakinsa ya ƙi buɗuwa bayan gyambon dasashi ko kunci ba ya cikin wannan rukuni. Ana zargin cutar noma ne, kuma Sakkwato na da asibiti na musamman dominta. Muƙamuƙin da ya sarƙe kwanaki bayan rauni kuwa na iya zama tatanos, wanda ba ya jiran gobe.