Amsoshin Tambayoyinku: Kanumfari Zai Yi a Gonata?

Tambaya: Na shuka kanumfarin da na sayo a kasuwa, ina ba shi ruwa safe da yamma, amma shiru. Zai yi a ƙasarmu kuwa? Kuma da gaske yana maganin ciwon haƙori? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ba laifin hannunka ba ne. Abin da masu kayan yaji ke auna maka ba iri ba ne, fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba: ɗan dunƙulen da ke samanta shi ne furen a rufe, ga ƙananan haƙora huɗu sun tallafe shi. Ana cire shi da hannu idan ya fara ja, a shanya a rana har ya yi duhu. Ko shekara za ka yi kana ban ruwa, ba zai tsiro ba. Irin na ainihi yana cikin 'ya'yan da aka bari suka nuna, kuma ɗanye ake shuka shi, don da ya bushe ya mutu.

To ko ka samu irin, Gusau ba gidansa ba ce. Asalin bishiyar tsibiran Maluku ne a Indonesiya. A ƙarni na 19 Sarki Sayyid Sa'id ya yaɗa nomanta a Zanzibar da Pemba, da gumin bayi. Duk wuraren nan iskarsu mai laima ce, ga ruwan sama da ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara. Mu kuwa daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, sai hunturu ya busar da komai, bazara ta ƙarasa. Dashen yana son inuwa, kuma sai ya shekara biyar zuwa bakwai kafin ya fara fure. Ni dai ba zan ba ka shawarar zuba kuɗinka a nan ba. Indonesiya ce kan gaba a nomansa, amma yawancinsa a taba sigari suke ƙone shi, abin takaici ga mai son zoɓo da kunun zaƙi.

Batun haƙori kuwa, akwai ƙamshin gaskiya. Man kanumfari na ɗauke da sinadarin eugenol mai kashe zafi, shi ya sa harshe ke yin dundurus idan ka tauna. Sai dai raɗaɗin kawai yake kwantarwa, kogon yana nan sai ka ga likita. Tsantsar man kuma tana ƙona dasashi, kuma kada a kuskura a ba yaro ya sha, tana iya taɓa masa hanta.