Filin Jama'a Ba Gadon Ciyaman Ba Ne

Jama'ar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa,

A shekarar 2025, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta kama shugaban ƙaramar hukumar Kiru bisa zargin cefanar da filin da aka keɓe don gina wurin wasanni a Kafin Maiyaki. Zargi dai ba hukunci ba ne, wannan aikin alƙali ne. Abin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne halinmu mu talakawa, masu filin.

Ku sani, filin makaranta da na asibiti, da maƙabarta, da burtali, da filin idi, amana ce. Ciyaman mai gadi ne, wa'adinsa na cika zai tafi. Wanda ya ci haƙƙin mutum ɗaya yana iya zuwa ya durƙusa ya roƙi gafara. To wanda ya ci na gari fa, ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa? A cikin masu haƙƙin akwai maraya, akwai jaririn da ba a raɗa wa suna ba.

Dukiyar ƙaramar hukuma tamkar rumbun gandu ce. Kowa ya zuba guminsa a ciki, an yaɓe shi, an ɗora masa jinka, kowa ya koma ɗakinsa ya miƙe ƙafa. Gara kuwa ba ta bin ƙofa. Ta ƙasa take hawa, a hankali, ba ƙara ba ƙura, yau dami ɗaya gobe biyu, rumbu yana nan tsaye gwanin sha'awa. Sai bazara ta yi nisa, tukunya ta nemi dawa, a ɗaga jinka a tarar da ƙasa da ƙaiƙayi. Ran nan kowa zai tsine wa gara, amma ba mai tambayar magidanta goma da ke wucewa ta gindin rumbun safe da yamma, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya leƙa.

Haka muke yi. Ana kafa turaku a filin jama'a, ana sauke bulo da yashi, mai unguwa ya gani, dagaci ya gani, kansila ya wuce a kan babur, dattawan majalisa su ce "ba ruwanmu". Wallahi da ruwanku! Mai saye ma kada ya ɗauka ya tsira. Ka san filin makaranta ne, ka biya don ka ga araha, kai ne ɓarawon zaune.

Hatsarin ya ƙaru tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk ranar da hukuncin ya tabbata a aikace, kuɗi mai yawa zai sauka a sakatariya, ba kuma gwamnan da za a laɓe a bayansa.

Saura maganar rediyo, don wanda ba shi da sani shi ake cuta. In an ce an kama wani, ko sojojin baka suna zage-zage, shayi har hucewa yake don saurare. Da likita ko malamin gona ya karɓi makirufo, sai a murɗa. Alhali a irin waɗannan shirye-shirye na Rediyon Kano da sauran tashoshi ne ake karanta hasashen damina na hukumar NiMet, a yi bayanin tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, a faɗi nisan da ya kamata a bari tsakanin rijiya da masai. Mai noman rani a bakin Tiga da mai masara a Doguwa su suka fi kowa buƙatar waɗannan shirye-shirye. Wanda bai san yadda ake haƙa burtsatse mai kyau ba, ta yaya zai gane ɗan kwangila ya ha'ince shi?

In kun ga ana taɓa filin jama'a, ku tambayi takarda. Ku sanar da dagaci da hakimi. In an yi shiru, ku rubuta ƙorafi, ku sa hannu ku da yawa, ku kai ofishin hukumar yaƙi da cin hanci a Kano, ku ajiye kwafi.