Itatuwan Bakin Hanya Da Dabbobi

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega, in ya wuce Shagari ya doshi Tambuwal, zai riƙa ganin dogon yaro a bakin hanya da cikin garuruwa. Itacen nan baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, aka kawo shi Barno cikin 1928, daga nan ma'aikatan gandun daji suka yaɗa shi har ƙasar Sakkwato. Tun daga sa'an nan hukuma ba ta daina kiran jama'a su dasa itatuwa ba. Farin 1973 ya ƙara wa maganar ƙarfi, kuma cikin 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman don tare hamada a jihohi 11, har da Sakkwato.

Niyyar ba ta da laifi. Saiwar itace tana riƙe ƙasa kada ruwa ya cinye gefen kwalta, ga inuwa, ga tare iska. Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa manomi ba, watau inda itace ya ke nan dabba ta ke zuwa, mota kuwa ba ta san dabba ba.

Ku dubi gawo. A gona babu kamarsa, gama yana zubad da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. To, amma da rani ya ke zubad da 'ya'ya, lokacin da ciyawa ta ƙare. In yana dab da kwalta, awaki da shanu za su taru a kansa, wadansu su tsallako daga wancan gefe a guje. Akuyar da aka yi shekara ana kiwo sai babbar mota ta take ta, mai ita ya tashi a tutar babu, wani lokaci ma har da ran direba. Haka kanya da magarya da mangwaro su ke jawo birai da kurege, balle yara. Da dare kuma bushiya da zomo su fito kiwo, fitilar mota ta ɗauke musu ido, su tsaya cik. Wajen Kebbe, inda daji ya fi duhu, nan ya kamata a fi lura, don naman dajin da ya rage mana bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka shawarata ita ce, itace mai 'ya'yan ci a kai shi can gefen gona, kamar taku 30 daga kwalta. Layin kusa da hanya a bar wa maɗaci da dogon yaro, su ma kada su gaza taku 10. A kwana, da mararraba, da inda burtali ya ratsa hanya, kada a dasa kome, a bar wurin fili yadda direba zai hango garke tun daga nesa.

Na san wadansu manoma suna ƙin itace kusa da gona, suna cewa matattarar tsuntsaye ce. Da gaskiyarsu a wani fanni. Kabare yana saƙa sheƙa a itace ya sauko wa gero. Amma jan baki, wanda shi ne babban ɓarawon shinkafa da dawa, ya fi son ƙaya mai duhu da ciyayin fadama, ba dogon itacen bakin hanya ba. Kuma itacen nan shi ne masaukin mujiya, wadda a ke tsana a banza, alhali kuwa kowane dare ɓera da gafiya ta ke kama muku.

Wanda gonarsa ke bakin hanya, in ya ji za a yi dashe, ya je ya ga malamin daji tun ba a haƙa ramuka ba, su shirya irin da za a sa da wurinsa. A dasa cikin Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna. A kewaye kowane dashe da ƙaya, a ba shi ruwa ranin farko. In ya girma a sassare rassan ƙasa har sama da tsawon mutum, don a riƙa ganin abin da ke bayansa.