Shawara ga Mai Buga Littafi a Gure

Ɗan'uwa, in za ka buga littafi mai tsawo, zaɓi haruffa masu ƴan ƙafafu a gindinsu, irin Garamond, domin ido ya saba bin layinsu a takarda. Amma fara gwada ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ɗinmu na Nijar. Wani salon ba ya da su, sai kwamfuta ta aro na wani, ka ga ƙ ta yi tsuru a tsakiyar kalma.

Ni Charis SIL na fi so. Kyauta ne, kuma an gina shi a kan salon Charter da Matthew Carter ya zana a 1987 don injinan bugu marasa ƙarfi, shi ya sa kwafi ba ya cinye jikinsa. Don kada haruffan su canza a wurin bugu, mai da aikinka PDF kafin ka kai Damagaram.